Daren Daura da Ƙaramar Kyamara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa bincika kundayen da ɗalibai kan rubuta a kan al'adun ƙasar Daura, ko ya duba kalandun da akan buga kowace shekara, ko kuwa ya leƙa abin da ake yaɗawa a intanet, zai tarar hotunan garin kusan iri ɗaya ne. Ga ƙofar gidan Sarki, ga ginin da aka killace rijiyar Kusugu da shi, ga dawaki da 'yan lifida da masu algaita ranar hawan Salla ko Sallar Gani. Ba mai cewa waɗannan ba Daura ba ne. Amma fa hawa kwana nawa ne a cikin shekara? Sauran kwanakin, watau mafi yawansu, mutanen Daura suna kan tituna da lunguna suna neman abin kai wa baka, kuma wani babban kashi na wannan rayuwa ba ya kankama sai bayan magariba.

Abin da nake so in jawo hankalin malamai da 'yan'uwana ɗalibai gare shi a wannan ɗan rubutu shi ne, rayuwar titi da ta dare wani fanni ne na al'adunmu da ke sauyawa cikin gaggawa ba tare da an adana kamanninsa ba. Kayan aikin da ya fi dacewa da adana shi kuwa, a ganina, ita ce ƙaramar kyamarar nan mai auna nisa, tare da ɗan ƙaramin gilashinta mai zuƙar haske. Sai dai wannan aiki yana da sharuɗɗa, waɗanda in aka yi watsi da su, gara a bar kyamarar a gida.

Abin da dare ke ɗauke da shi

Ba a banza aka zaɓi Daura don yin wannan magana ba. Labarin da ya fi kowane shahara a tarihin garin da dare ya faru. Kamar yadda aka sani, Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana cikin dare, ya nemi ruwa, aka gaya masa macijiya ba ta barin a ɗiba sai ranar Juma'a, ya tafi Kusugu ya sare kanta ba wanda ya gani. Da gari ya waye masu ikirarin su ne suka kashe ta suka yi yawa, kuma ba a raba gardama ba sai da aka ce kowa ya kawo kan. Ko mutum ya ɗauki labarin a matsayin tarihi, ko ya ɗauke shi hikaya, darasin ɗaya ne: abin da ya auku cikin duhu yana bukatar shaidar da ido zai gani.

To, mene ne ke aukuwa cikin duhu a Daura, da Mai'aduwa, da Zango, da Ɓaure, da Sandamu? Akwai teburin mai shayi, wanda shi ne majalisar matasa, inda ake warware siyasar ƙasa da ta ƙwallo. Akwai tukubar mai tsire da hayaƙinta, da mai ƙosai a bakin kaskonta. Akwai almajirai kewaye da wutar kara suna bitar allo. Akwai sahun asham da na tahajjudi cikin azumi, da 'yan tashe da kan fito bayan watan ya kwana 10. Akwai direbobin da ke kwana a hanyar Kongolom suna jiran gari ya waye, da fatake masu sauke dabbobi daren da za a ci kasuwar Mai'aduwa. Akwai kuma sababbin abubuwa, irin su rumfar cajin waya da gidan kallon ƙwallo, waɗanda yau muke rainawa, alhali nan da shekara 30 za su zama abin tambaya.

Wanda ke shakkar cewa waɗannan abubuwa suna gushewa, sai ya tambayi kansa: ina dandali? Ina 'yan mata masu gaɗa a farin wata? Ina fitilar aci-balbal da 'yan talla kan jera a kasuwar dare? Da farko fitilar ƙwai ta ture ta, sa'an nan fitilar caji da ta sola suka ture fitilar ƙwai, ga shi yanzu yaro kan haska kayan tallarsa da waya. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tsare mana dubban kalmomi, M. G. Smith kuma ya tsare mana tsarin sarautar garin a littafinsa kan al'amuran Daura da ya fito a 1978. Amma kalma ba ta nuna yadda hasken mai da lagwani ke sauka a fuskar mai sayar da gyaɗa. Turawan mulki sun ɗauki hotuna da yawa, sai dai abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne sarakuna da hawa, kamar hawan da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925, da na Sarauniya a Kaduna a 1956. Mu kuma da muka karɓi kyamara daga hannunsu, sai muka ci gaba da auna ta inda suka auna.

Wace irin kyamara ce wannan?

Asalin irin wannan kyamara daga Jamus yake. Wani ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar, mai suna Oskar Barnack, shi ya ƙera ƙaramar kyamarar da ke aiki da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, aka fara sayar da ita a 1925 da sunan Leica. A 1932 aka haɗa mata na'urar auna nisa, a 1954 kuma aka fito da samfurin M3, wanda har yau ake bin fasalinsa. Daga baya Japanawa suka yi masu araha, irin su Yashica Electro 35 ta 1966, da Canonet QL17 GIII ta 1972, da Olympus XA ta 1979, wadda ke shiga aljihun kaftani ba a sani ba.

Yadda take aiki ba wuya. A goshinta akwai 'yan tagogi biyu da ke kallon abu ɗaya daga wurare biyu, kamar idanun mutum. In ka leƙa, za ka ga a tsakiya siffar abin ta rabu biyu. Sai ka murɗa zoben gilashin har siffofin su hau kan juna su zama ɗaya. Da sun haɗu, to, nisa ya daidaita, hoto zai fito tangaran.

Bambancinta da manyan kyamarorin da masu hoton biki suka daɗe suna ratayawa shi ne, waɗancan suna da madubi a cikinsu, wanda kan tashi ya faɗi da ƙara duk lokacin da aka ɗauki hoto. Ita kuwa ba ta da shi. Wannan rashin madubi shi ne tushen duk amfaninta. Na farko, gilashin yana iya matsowa dab da fim, saboda haka ana iya ƙera shi ƙarami, wani bai fi ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Na biyu, ba ta girgiza, ba ta kuma ƙara sai ɗan ƙis da hayaniyar titi kan haɗiye. Na uku, tagar da kake leƙawa ba ta rufewa lokacin ɗauka, kuma a yawancinsu kana hangen abin da ke gefen hoton, watau kana ganin mai keke kafin ya shigo, ka jira shi.

Abin da ya sa ta dace da dare

Hoto haske ne, dare kuwa rowar haske gare shi. A cikin kowane gilashin kyamara akwai wata kafa da ake buɗewa ko a tsuke, kuma ana nuna girmanta da lambobi: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8. Ƙanƙantar lamba, girman kafa. Kowane mataki ɗaya yana ninka haske sau biyu, saboda haka gilashin da ke buɗewa har 1.4 yana shigar da ninki 4 na hasken da mai 2.8 ke shigarwa, da ninki 16 na mai 5.6. Dogayen gilasan da akan sayar tare da kyamarori masu araha sau da yawa a 5.6 suke tsayawa in an zuƙo nesa. Ke nan inda suke ganin duhu ɗungum, ɗan ƙaramin gilashi mai 1.4 ko 1.7 yana ganin mai shayi da kofunansa a hasken fitila ɗaya.

Tun da kuma ba madubin da zai girgiza ta, mai hannu a natse, in ya jingina da bango ya riƙe numfashi, yana iya barin ƙofar hasken a buɗe har kashi 1 cikin 15 na daƙiƙa hoton bai gauraye ba. Ba ya bukatar ƙafa uku, ba ya bukatar walƙiya.

Maganar walƙiya ita ce muhimmiya ga mai nazarin al'ada. Walƙiya tana kashe abu biyu a lokaci guda. Tana kashe hasken wurin, ta mai da dare rana, ta yadda wutar karatu da ke jan fuskokin almajirai za ta koma toka a hoto. Tana kuma kashe halin mutane, domin da ta haska sau ɗaya, hira ta tsaya, kowa ya gyara hula, yara sun taru suna cewa a ɗauke su. Abin da ka zo nema ya watse, sai ka koma gida da hoton mutane masu kallon kyamara, wanda irinsa ya cika gari.

Da rana kuwa, akwai wata dabara da ƙananan gilasan nan ke sauƙaƙawa, domin an rubuta ma'aunin nisa a jikinsu. Gilashi mai milimita 35, in aka tsuke kafarsa zuwa 8 aka ajiye nisa a mita 5, duk abin da ke tsakanin kimanin mita 2 da rabi har iyakar gani zai fito sarai. Mai ɗauka ba ya sake murɗa komai, idonsa na kan kasuwa. Amma da dare, in an buɗe kafar har 1.4 a nisan mita 3, wurin da zai fito sarai bai wuce kimanin santimita 60 ba, saboda haka dole a auna da kyau, a kan wani abu mai ƙyalli kamar bakin buta ko gefen fuska.

Tana da nata rauni. Ba ta zuƙo nesa, ba ta kuma iya aiki in abu ya matso ƙasa da kimanin santimita 70, sa'an nan a kusa abin da taga ke nunawa yakan ɗan saɓa da abin da gilashi ya ɗauka. Mai son fuskar mahayi daga bayan taro ranar hawan Magajiya, ba ita zai nema ba. Amma ni ina ganin wannan rauni alheri ne. Tun da ba ta ɗauka daga nesa, tilas mai ita ya matso, wanda ya matso kuwa tilas ya yi sallama.

Masu cewa waya ta isa

Wani zai ce, mene ne na wahala, ga waya a aljihun kowa, ta ma fi ƙanƙanta? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ba shi da komai sai waya, ya yi aiki da ita, domin da babu gara ba daɗi. Sai dai a lura da abu uku. Idon waya ƙarami ne ainun, saboda haka da dare takan ɗauki hotuna da dama a jere ta haɗa su da lissafi, ta goge duhu, ta shafe fuska sumul, mai motsi kuma ya zama inuwa. Abin da ta bayar ya yi kyau a ido, amma ba lalle ne ya zama abin da ke wurin ba, shi kuwa mai bincike shaida yake nema. Na biyu, hoton waya yakan mutu tare da wayar, ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Na uku, mutane sun riga sun gane cewa wayar da aka ɗaga musu tana iya kai su Facebook ko TikTok kafin su kai gida, a mai da su abin dariya, don haka suna ƙyamarta, kuma suna da hujja.

Wani kuma zai ce tsada. Gaskiya ne Leica ta fi ƙarfin ɗalibi, har ma da malaminsa. Fim da wankinsa ma sun yi wuya tun da shagunan hoto suka koma aiki da kwamfuta. Amma suna ba shi ne abin nema ba. Tsofaffin ƙananan gilasan nan ana ɗaura su a jikin kyamarorin zamani marasa madubi ta hanyar wani zobe mai sauƙin kuɗi, a daidaita nisa ta allon kyamarar, a sami ƙanƙanta da shiru da zuƙar haske ba tare da fim ba. Abin da ya gagari ɗalibi ɗaya, bai kamata ya gagari sashe ba.

Ƙanƙanta ba izinin sata ba ce

A nan ne nake rabuwa da Turawan da suka shahara a wannan fage. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen da ake yi wa kallon uban masu hoton titi, yakan rufe ƙyallin kyamararsa da baƙin tef don kada a lura da shi, sunan littafinsa na 1952 ma a Faransanci yana nuni ga hoton da aka fizga a sace. Wannan hanya ta yi masa aiki a Faris. A ƙasar Hausa kuwa, inda mutunci ya fi dukiya, kuma addini ya hana bin diddigin asirin mutane da shiga gidajensu ba izini, wanda ya bi ta ya ci amana, ko da hoton ya yi kyau.

Ban da wannan, zamani ya sauya. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar, a ƙofar gidansa, sai bayan wata 2 aka kuɓutar da shi a Kano. Garin da ya ga irin wannan ba zai ga baƙo yana laɓe da kyamara cikin duhu ya ɗauke shi ɗalibi ba. Mai satar hoto yana jefa kansa cikin haɗari, yana kuma toshe hanya ga duk wanda zai zo bayansa.

Abin koyi mafi kusa da mu yana Bamako. Malick Sidibé, wanda ya buɗe shagonsa a 1962, ya shafe shekaru yana bin wuraren shagalin matasa da dare. Shi da walƙiya ya yi aiki, domin wurin rawa ne, kuma mutanen suna son a ɗauke su. Abin lura shi ne gayyatarsa ake yi, an san shi, in ya wanke hotuna yakan jera su a shago masu su su zo su gani su zaɓa. Hotunan da ya ɗauka don 'yan unguwa su ne suka zama tarihin samartakar Mali bayan mulkin kai, har aka ba shi babbar lambar girma a bikin fasaha na Venice a 2007. A Yamai ma Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki. Ƙarfinsu duka biyun shi ne su 'yan gida ne.

Haka ya kamata ɗalibin Hausa ya zama a Daura. Ya fara da mai unguwa, in aikin zai kai shi ƙauye ya bi ta dagaci da hakimi, da takardar sashe a hannunsa. Ya zauna teburin mai shayi dare biyu ko uku kyamara na rataye a fili, ya sha shayi ya biya, ya faɗi ko shi wane ne da abin da za a yi da hoton. Wanda ya ce ba ya so, an gama magana. Matan aure da 'yan mata ba a ɗaukarsu sai da yardarsu da ta masu iko da su, kuma a nan 'yan'uwanmu ɗalibai mata ne ke da hanyar da maza ba su da ita, domin su ke iya shiga cikin gida daren sa lalle ko wurin tatsuniya. Almajiri a ɗauke shi yana karatu da izinin malaminsa, ba a tsare shi yana bara a wulaƙanta shi ba. A nisanci wuraren jami'an tsaro da bakin iyaka. Bayan an sami izini, a nan ne ƙanƙantar kyamara ke amfani: mutane sun san tana nan, amma ba ta dame su ba, har su manta da ita su koma hirarsu.

Abin da ya rage ga sashe

Hoton da ba bayani maraya ne. Kowane hoto a rubuta masa rana da wata da shekara, da unguwa, da abin da ake yi, da sunayen kayan da ke ciki kamar yadda masu su ke kiransu da bakinsu, domin ta haka hoto zai yi wa nazarin harshe aiki, ba al'ada kaɗai ba. A wanke shi a kati, a kai wa mai shi nasa, a ajiye ɗaya a sashe, a kuma tura kwafi inda ake adana kayan tarihi, kamar Gidan Arewa a Kaduna ko Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina.

Ina roƙon malamanmu su duba yiwuwar tanadar kyamara ko da guda 2 ce, a riƙa ba da aronta kamar yadda akan ba da rakoda ga masu zuwa ɗaukar waƙa, a kuma sa 'yan sa'o'i na koyon ɗaukar hoto da ladubbansa cikin darasin dabarun bincike. A karɓi jerin hotuna masu cikakken bayani a matsayin wani ɓangare na kundi, ba ado a shafin ƙarshe ba. Ɗalibai 'yan ƙasar Daura kuwa, su ne ya kamata su fara, a unguwanninsu, lokacin hutu.

Kammalawa

Hawan Salla ba zai rasa mai ɗauka ba, domin kowace shekara kyamarori sun fi dawaki yawa. Wanda ba shi da mai ɗauka shi ne mai ƙosai da ke tashi ƙarfe 11 na dare, da yaron da ke bita a gaban wuta, da tsohon da ke gadin kasuwa. Waɗanda suka gabace mu sun bar dandali ya wuce ba hoto, suna da uzurin rashin kayan aiki. Mu ba mu da wannan uzuri. In jikokinmu suka tambaya yadda daren Daura yake a zamaninmu, Allah ya sa a sami abin nuna musu, kuma ya zama an same shi ta hanyar sallama.